Kafin Mu Yanke wa Tsohuwar Kwamfuta Hukunci

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, galibinmu da kwamfutar cinya ta gwanjo muke karatu da aiki, wadda wani ya more ta shekaru a Turai ko Amurka kafin ta iso hannunmu. Babbar damuwarmu da ita kuwa ita ce yawan yankewar intanet mara waya, wato Wi-Fi, ana tsakiyar rajista ko aika aikin bincike. Da hakan ta faru sai mu ce ta tsufa, mu shiga damun iyaye da zancen sabuwa. Ra'ayinmu shi ne wannan hukunci ne ba tare da shari'a ba, kuma bai dace da mai neman ilimi ba.

Da farko, a gano mai laifi. A haɗa wayar hannu da akwatin da ke watsa intanet ɗin, a zauna daidai inda kwamfutar take. In wayar ma tana yankewa, to laifin na akwatin ne ko na masu kawo intanet. In wayar lafiya lau take, sai a matso da kwamfutar gab da akwatin. Idan ta kama a kusa amma ta saki da an ɗan ja baya, sai a zargi eriya. Wayoyinta siraran gaske ne, sun bi ta gaɓar da ke haɗa allon da gangar jiki, kuma buɗewa da rufewa na shekaru kan cinye su, ko su kwance daga jikin katin Wi-Fi. Wannan ƙaramin aiki ne ga mai gyara.

Na biyu, cunkoso. Yawancin tsofaffin kwamfutoci masu araha zangon gigahez 2.4 kaɗai suke ji, alhali sababbi na jin na 5 ma. Zangon 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma hanyoyi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11, kuma Bluetooth ma a nan yake kiwo. To, a ɗakunan kwana inda kowa ya mai da wayarsa tashar watsa intanet, abin ya zama kamar kasuwa ranar ci, kowa na magana ba mai jin wani. Shi ya sa kwamfutar da ta gagara da magariba takan yi aiki sumul bayan asuba.

Na uku, manhaja. Windows kan rage wa katin Wi-Fi wuta domin tattalin batir, kuma tsohon kati ba kullum yake farfaɗowa daidai ba. Hana wannan tsimi minti biyu ne a wurin saiti. Haka kuma direban katin, wato manhajar da ke fassara tsakaninsa da kwamfuta, yana bukatar sabuntawa daga kamfanin da ya ƙera shi. Akwai kuma batun tsaro: tsarin WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuwa a 2018, kuma akwatin da aka saita a kan sabon kaɗai ba zai karɓi katin da bai san shi ba. Idan duk wannan ya faskara, ana sayar da ɗan ƙaramin kati da ake soka wa a kafar USB, kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwamfuta ba.

Wasu za su ce komai aka yi, tsoho tsoho ne, tunda ma a 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kuma da yawa daga cikin kwamfutocinmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a yi wasa da tsaro ba. Amma akwai Linux, kyauta ne, ana sabunta shi, kuma wasu nau'o'insa ba su da nauyi a kan tsohuwar na'ura. Ai da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta keɓe yini guda a kowane wata, inda 'yan'uwanmu na sashen kwamfuta da na injiniya za su duba wa jama'a na'urorinsu, su kuma koya musu. Muna roƙon hukumomin jami'o'i da ofisoshi da kada su rufe zangon 2.4 ko su daina karɓar WPA2 ba tare da sanarwa da tanadi ba, su kuma ƙara akwatuna da kafofin soka waya a ɗakunan karatu. Ɗan talaka ne zai fara faɗuwa duk lokacin da aka sabunta kaya aka manta da abin da ke hannunsa.

Mu kuma namu shi ne bincike kafin kashe kuɗi, domin rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya sa mu dace, amin.