ARAHA BA TA ADO, KO A FENSIR

Yau kam sai dai ku yi haƙuri da ni, don faɗa zan yi, kuma a kan abin da kuka raina, wato fensir.

Wai don Allah me ya same mu ne? Mace za ta aiki yaro kasuwar Makarfi ran Laraba ya sayo mata kwanon sha, sai ta yi masa kashedi sau uku: ka ƙwanƙwasa, ka duba gindi, kar a ba ka mai tsaga. In atamfa ce har lasar bakinta ake yi a ga ko tana zuba. Amma ran da ɗiyarta ta ce, "Inna, fensirina ya ƙare," sai ka ji, "Ungo, sayo mai arha." Haba jama'a! Kwanon da za a jera a kabad ya fi abin da yarinya za ta nemi ilmi da shi?

To ga abin da arhar ke jawowa. Fensirin banza baƙinsa a karye yake tun daga ciki. Yarinya ta sa reza ta fiƙe, ya ɓalle, ta sake fiƙewa, ya ɓalle, kafin a tashi makaranta ya koma guntu, ga yatsa a yanke, malam kuwa ya goge allo. Gobe ki sake ba da kuɗi. Wa aka cuta?

Ni shawarata, a sayi fensir ɗan dannawa mai kyau guda ɗaya, irin wanda ake yi wa ɗurin tsinken baƙi. Ba sabon abu ba ne. Tun 1915 wani Bajapane, Tokuji Hayakawa, ya ƙera nasa na ƙarfe, kuma daga sunan fensirin nan kamfanin Sharp mai rediyo da talabijin ya samo sunansa. Akwai samfurin Pentel P205 da aka fito da shi a 1970, har yau ana sayar da shi. Abin da ya yi shekara hamsin a kasuwa ai ba ƙarya ba ne.

In za ki zaɓa, duba abu uku. Na farko bakinsa ya zama na ƙarfe, ba roba ba. Na biyu ki kwance kan, za ki ga ɗan abin da ke damƙe tsinken; in na tagulla ne ya fi ƙarko, in na roba ne bai daɗewa zai fara saki. Na uku ki karanta lambar jikinsa: mai 0.7 ya fi mai 0.5 kauri, shi ya dace da yara da mai nauyin hannu. Dannawa biyu ta isa, kar a zaro tsinken da tsawo.

Na san wata za ta ce, "Ai yaran nan yarwa suke yi." To a ɗaura masa zare a jikin jaka mana. Cokalinki na aure da yake ɓata, kin daina sayen mai kyau? Wata kuma ta ce ita ba 'yar boko ba ce. Ke mai ɗinki, da me kike rubuta awon mutane? Ke mai ƙuli da man gyaɗa a Hunkuyi ko Ikara, a ka kike riƙe lissafin ribarki?

Amma fa kowane da wurinsa. Ranar WAEC ko NECO, wurin cike gurbin amsa, a ba yarinya na katako mai alamar HB, wanda baƙinsa ke tsakiya daidai. Bashi da adashi kuwa da biro za ki rubuta, don fensir na goguwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Zumunci nawa ya lalace saboda "na ba ki", "ba ki ba ni ba"?

A 2016 ministan kimiyya na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya yi alkawarin Nijeriya za ta fara yin fensirinta cikin shekara biyu. Mu dai wanda muke gani a tebur na waje ne, mai kyau da na banza a haɗe. Tunda ba wanda zai tace mana, sai mu tace da kanmu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka karatun ɗiyarki.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin. Wassalam.