Ruwan Kwata Ba Abin Banza Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ranar da malaminmu na kimiyya ya ce Turawa na ɗumama ɗakunansu da ruwan kwata, duk aji muka fashe da dariya. Amma da na yi tunani, sai na ga lalle akwai hikima a ciki.

Ga yadda abin yake. Ruwan wanka da wanki da wanke-wanke yakan bar gida da ɗuminsa, ya shiga bututun ƙarƙashin ƙasa. Ko lokacin da ƙanƙara ta rufe gari, ba ya huce sosai. Sai a sa wata na'ura mai aiki irin na firji ta zuƙe ɗumin nan, ta ƙara masa ƙarfi, ta aika da shi gidaje. Da zafi kuwa sai a juya aikin, watau a kwashe zafin ɗaki a zuba wa ruwan.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Helsinki, babban birnin Finland, tun 2006 akwai irin wannan tasha a cikin dutse ƙarƙashin ƙasa, tana ɗumama gidaje tana kuma sanyaya su. A Vancouver ta ƙasar Kanada, unguwar da aka gina wa 'yan wasannin Olamfik na 2010 ita ma tana shan ɗumin ruwan kwata.

Wani zai ce ai ƙazanta ce. A'a, ruwan ba ya shiga ɗaki. Ɗumi kaɗai ke ratsa ƙarfe, kamar yadda uwa ke sa kofin koko cikin ruwan sanyi ya huce ba tare da sun gauraya ba. Gaskiya ne ginin yana cin kuɗi, kuma na'urar tana bukatar lantarki. Amma zafin da take bayarwa yakan ninka wutar da ta ci sau 3 ko 4, ga shi an rage ƙona gas da kwal, waɗanda hayaƙinsu ke dumama duniya.

Ni a ganina, gari mai barin wannan ɗumi ya tafi kogi ya yi asara. Mu dai kwatocinmu a buɗe suke, sauro kaɗai ke cin moriyarsu. Kafin mu yi mafarkin na'ura, sai mu fara da gina magudanan ruwa rufaffu. Mu ɗalibai kuwa mu dage da kimiyya, domin mu ne injiniyoyin gobe.

Allah Ya sa mu dace, amin.