An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A watan Yunin 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta zauna a Abuja, ta fito da sanarwar cewa ta haramta robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar a dukkan ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya. Jaridu suka buga, gidajen rediyo suka yayata, aka yi ta sambarka. To, duk wanda ya halarci wani taron gwamnati bayan wannan sanarwa, don Allah ya faɗa mana a cikin me aka miƙa masa ruwa da shinkafa. Gwamnatin da ba ta iya hana gorar roba hawa teburin taronta ba, ita ce take so mu yarda za ta tsaftace kogunanmu.

Legas ta fi Abuja ƙoƙari, wannan ba a musu. A Janairun 2024 ta haramta fararen robobin nan marasa nauyi da ake zuba abinci a ciki a gidajen biki, sannan daga 1 ga Yulin 2025 ta faɗaɗa haramcin zuwa cokulan roba, kofuna, tsinken zuƙar lemo da siraran ledoji. Amma ko ita Legas ɗin, da ta iso kan ruwan leda sai ta ja birki. Ba ta taɓa shi ba, kuma ba za ta iya ba, don ta san famfo a bushe yake. Haka lamarin yake a Kano da Gusau da Damaturu. Mutumin da ya sayi fiya-wata a tasha, ya sha, ya yar da ledar, ba don ƙeta ya yi ba. Ruwan da ya kamata ya zo masa ta famfo ne bai zo ba, kwandon da ya kamata ya jefa ledar a ciki kuma babu shi. Sai damina ta faɗi, lambatu ya toshe, ruwa ya shiga ɗakunan mutane, sai wani jami'i ya hau rediyo yana cewa jama'a ba su da tarbiyya.

Kuma kada wani ya ɗauka ina wasa da sharrin leda. Ku je mayanka da sassafe ku tsaya kusa da mahauci lokacin da yake farke tumbin saniyar da ta yi kiwo a gefen gari. Sau da yawa abin da zai zaro dunƙule ne baƙi ƙirin, leda da igiya da tsumma sun cure wuri guda, sun taurare, sai ya sa hannu biyu ya ɗaga. Dabbar tana ci tana ramewa, mai ita yana ta kashe kuɗin magani bai san cikinta ne ya cika da shara ba. Wannan asara ce ta makiyayi da ta matar aure mai kiwon tunkiya biyu a bayan ɗaki, kuma babu mai biyansu diyya.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne mun sha ganin wannan wasa. A 2019 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin hana ledar zuba kaya, har da tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 3. Ƙudirin bai zama doka ba, ya mutu da wa'adin waccan majalisa. A 2020 aka fito da manufar ƙasa kan sharar roba. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun riga mu: tun Nuwamban 2014 suka yi dokar hana ƙerawa da shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa. Wanda ya shiga Maraɗi ko Damagaram ya duba ƙayoyin bakin gari zai ga inda dokar ta tsaya. Ruwanda kuwa ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma an ga bambanci a titunansu, saboda sun tare abin a masana'anta da bakin iyaka. Ba su tsaya ga bin yarinya mai tallar gyaɗa kawai ba.

Mu a nan akasin haka muke yi. Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano ana hana zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli. Kotun tafi-da-gidanka ta kafa teburinta a bakin titi, a kamo ɗan adaidaita sahu da ya fito neman na cefane, a kamo mai shayi da ya hura wuta da wuri, a ci su tara nan take, babu ɗage zama, babu lauya. Ban ce a daina shara ba. Amma a daidai wannan sa'a da ake karɓar tara daga hannun mai shayi, ruwan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai yana gangarawa abinsa, ba ya hutun ƙarshen wata.

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen rafin Salanta ya san abin da nake nufi tun kafin ya ga ruwan, hancinsa ne zai fara gaya masa. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan kuwa yau baƙi, gobe shuɗi, jibi jaja-jaja, da kumfa a bisansa. Kamfanonin jima na zamani suna amfani da sinadarai masu ƙarfi wajen cire gashi, sannan su jeme fatar da gishirin kuromiyom. Idan ba a tace ruwan wankin ba, duk wannan yana bin magudana. Na Sharaɗa yana bi ta Salanta ya faɗa kogin Challawa, wanda a yankinsa ne matatun ruwan sha na birnin suke. Na Bompai yana bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su zarce dam ɗin Wasai. A gefen waɗannan rafuka kuma manoman rani suna jan ruwan da injin ban-ruwa zuwa kan latas da kabeji da alayyahu da karas, washegari kayan suna kasuwa. Malaman jami'o'inmu sun daɗe suna auna wannan ruwa da ƙasar da yake jiƙawa, suna rubuta abin da suka gani. Rubutun yana kan kanta yana shan ƙura.

Shin babu doka ne? Akwai. An kafa hukumar NESREA a 2007 don ta tilasta bin ƙa'idojin muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan masana'antun masaƙa da fata da takalma, waɗanda suka wajabta tace gurɓataccen ruwa kafin a sake shi. An yi wa dokar hukumar kwaskwarima a 2018. Tambayata ɗaya ce: yaushe rabon da mutumin Panshekara ya ji an karanto a rediyo sunan kamfanin da aka gurfanar saboda ruwan da ke bi ta bayan gidansa, da nawa aka ci shi tara, da ranar da aka ba shi ya gyara? Ba ina kiran a rufe majemu ba. Fata sana'ar Kano ce tun kaka da kakanni, dubban gidaje da ita suke ɗora tukunya. Amma mai kamfanin da yake da kuɗin sayo injin daga Italiya, yana da kuɗin gina wurin tace ruwa. Ya ƙi ginawa ne don ya san ba abin da zai same shi.

Idan kuna son ganin yadda doka take durƙusa wa mai kuɗi, ku dubi yankin Neja Delta. Tun 1979 aka yi dokar da ta ce a daina ƙona iskar gas a rijiyoyin mai daga Janairun 1984. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar da mutanen Iwherekan suka kai, ta ce ƙona gas ɗin tauye haƙƙin rayuwa ne, a daina. Ba a daina ba. A 2018 sai aka sa wa abin sabon farashi: dala 2 kan kowace ƙafa 1,000 ta gas ga manyan kamfanoni. Wato ka biya, ka ci gaba. Ita kuwa NESREA, dokar da ta kafa ta ce ma ta cire hannunta daga harkar mai da gas. A 2021 aka sa hannu kan dokar man fetur da dokar sauyin yanayi, aka je taron sauyin yanayi na Gilasgo aka yi alƙawarin daidaita hayaƙi nan da 2060, shekarar da babu ɗaya daga cikin masu alƙawarin da zai kasance a kujera a tambaye shi. Har yau Nijeriya tana cikin ƙasashe 10 da suka fi ƙona gas a duniya.

Dokokinmu na muhalli kusan duk ihu ne bayan hari. Sai da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan gwamnatin soja ta yi dokar shara mai guba, mai hukuncin ɗaurin rai da rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, yara suna rarrafe cikin ƙurar. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka gano, su ne suka zauna suna jinya. Mutanen Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, sai 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar garinsu. Shekara 5 bayan Zamfara, a 2015, abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Waɗanda suke sayen zinariyar suna fita da ita, wa ya taɓa tambayarsu?

Saboda haka ni sabuwar doka ba ta burge ni, ko an yi ta a Abuja ko a Legas ko a zauren taron Janiba, inda a Agustan 2025 ƙasashen duniya suka watse ba tare da sun cimma yarjejeniya kan roba ba. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya, musamman masu wakiltar Kumbotso da Nassarawa da Minjibir, ku kira shugabannin NESREA da na ma'aikatar muhalli gaban kwamiti, a bainar jama'a. Su zo da sakamakon gwajin ruwan kowace masana'anta, a buga shi da Hausa, a karanta a rediyo. Kamfanin da yake ƙera leda da gora a ɗora masa kuɗin kwashe su, a biya 'yan jari-bola da ke wannan aiki da hannu tsirara. Kotun tafi-da-gidankan nan kuma, Asabar mai zuwa a ɗauki teburinta a kafa shi a bakin magudanar Sharaɗa.