Shin Yi Wa Dabbobi Hidima Ɓata Lokaci Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, a ƙasashe da dama akwai gidajen da ake tara dabbobin da aka yasar, kamar kyanwoyi da karnuka da tsofaffin jakuna, ana ciyar da su, ana yi musu magani. Da yawa daga masu share wurin da ɗebo ruwa 'yan sa-kai ne, ba a biyansu ko kwabo. Amma da zarar an ce matashi Musulmi ya shiga cikinsu, sai ka ji ana cewa: mutane na kwana da yunwa, shi kuwa yana wa kare wanka? Ni dai a ganina wannan aiki ibada ne matuƙar niyya ta gyaru.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare, Allah (SWT) Ya gafarta masa. Magabata sun fahimci wannan darasi. Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, waƙafin lambu ya yi a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyi marasa gida. Ashe ke nan ba daga Turawa muka fara jin wannan ba.

Shi kuwa mai cewa a fara da mutane, sai ya dubi Muhammad Ala'u al-Jalil na birnin Halab a ƙasar Siriya. A lokacin yaƙi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, yana kwaso waɗanda bama-bamai suka jikkata, kuma shi ne dai ke ciyar da kyanwoyin da masu gudun hijira suka bari. A 2015 ya buɗe musu gida, aka ragargaza shi a ƙarshen 2016, ya sake kafa wani a wajen gari. Kyanwa ba ta hana shi ceton ɗan Adam ba, domin tausayi ba tuwo ba ne da zai ƙare in an raba.

Batun najasa kuwa, a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kanta, kare mai rai tsarkakakke ne. Wanda ke bin ra'ayin malaman da suka ce yawunsa najasa ne, hukuncinsa wankewa ne, ba jifa ba. Sannan kula da kare kare rayukanmu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma da yawansu yara ne. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana samar da allurar rigakafin wannan cuta. Matashin da ya taimaka aka yi wa karnukan unguwarsu allura, ƙannensa ya tsare.

Ya ɗan'uwa, in akwai irin wannan gida a garinku, ka ba shi awa biyu a mako. In babu, ka ajiye kaskon ruwa a inuwa lokacin bazara, ka hana yara jifan kare, ka yi wa mai jakin da ya yi lodi fiye da kima nasiha cikin ladabi, kada kuma ka bar ragon layya ɗaure a rana. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya sanya mu cikin masu jinƙai, Ya kuma jiƙan mu. Wassalamu alaikum.