MAI KOYON KIƊA DA KWAMFUTA, KADA KA BAR WA KAMFANI AJIYAR WAƘARKA

Ran 26 ga watan Agusta na 2024 wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna MakeMusic ya ba da wata sanarwa wadda ta tayar wa masu tsara kiɗa hankali a ƙasashe da yawa. Kamfanin ya ce ya daina sayar da Finale, kuma ba zai ƙara yi mata gyara ko ƙari ba. Ita Finale ɗin nan manhaja ce ta rubuta kiɗa a kwamfuta, ta fito tun 1988, watau ta yi fiye da shekara 35 tana aiki. Akwai mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a kanta, duk abin da suka tsara na majami'a da na makaranta da na sinima yana kulle cikin irin fayil ɗinta. Da farko ma cewa aka yi bayan shekara guda ba wanda zai iya buɗe ta a sabuwar kwamfuta. Sai da kuka ya yi yawa sa'an nan kamfanin ya janye wannan magana, tun a sanarwar farko kuwa ya riga ya shawarci masu ita su koma wata manhajar da ake kira Dorico a kan farashin rangwame na dala 149.

Wani zai ce, to, ina ruwan Bahaushe da rigimar Turawa? Da ruwansa. A Agege da Idi Araba da Sabon Ibadan, balle Kano da Kaduna da Jos, samari da yawa sun duƙufa kan koyon kiɗa da kwamfuta, waɗansu don waƙar fim, waɗansu don ta biki ko ta siyasa. In ka tambayi yaro abin da yake koyo, ba zai ce maka kiɗa ba, sunan kamfani zai faɗa maka. Abin da nake so in ce da irin waɗannan samari shi ne, sanin wurin da kowane maɓalli yake a manhaja ɗaya ƙaramin ilmi ne, kuma yana iya ƙarewa rana ɗaya kamar yadda na masu Finale ya ƙare. Ilmin da ya fi shi daɗewa shi ne sanin yadda kiɗa ke fita daga wannan manhaja ya shiga waccan ba tare da ya lalace a hanya ba.

Manhajojin nan iri biyu ne, ko da yake masu koyo kan cuɗa su. Iri na farko na rubutu ne, kamar su Sibelius da Dorico da MuseScore da ita marigayiya Finale. Aikinsu shi ne ɗora alamomin kiɗa a kan layuka biyar ɗin nan da muke gani a gaban 'yan badujala, a nuna wane sauti za a busa, tsawonsa nawa, ina za a yi shiru. Saboda irin wannan rubutu ne 'yan badujalar 'yan sanda a Ikko da na soja a Kaduna ke iya busa taken ƙasa iri ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba. Iri na biyu kuwa na naɗar sauti ne, kamar Cubase, wadda kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar a 1989, da Pro Tools, da Reaper, da FL Studio ta ƙasar Beljiyam wadda samarinmu suka fi sani. Wannan ita ce rakodar zamani, a cikinta ake ɗaukar muryar mawaƙi da ta 'yan amshi, a haɗa, a rage nan a ƙara can, har a fitar da abin da za a sa a rediyo. Ta farko zanen gida ce a takarda, ta biyu kuwa ita ce ginin. Gaskiya ne kowace tana ɗan taɓa aikin 'yar'uwarta, amma in ka sa magini ya yi maka zane, ko mai zane ya kwaɓa maka siminti, za ka ga bambanci.

Abin da ya haɗa su biyun shi ake kira MIDI, kuma a nan ya kamata mai koyo ya zauna ya daɗe. A watan Janairu na 1983, a wani bajen kolin kayan kiɗa a Amurka, aka sa waya tsakanin fiyanon lantarki na kamfanin Sequential Circuits da na kamfanin Roland na Japan, aka danna ɗaya, ɗayan ya amsa. Mutum biyu ne suka fi tsayawa kan wannan aiki, Dave Smith Ba'amurke da Ikutaro Kakehashi mai kamfanin Roland, aka kuma bar tsarin a buɗe, kowane kamfani ya yi aiki da shi. Shi ya sa yau fiye da shekara 40 ke nan yana nan, alhali kuwa kamfanoni da yawa da suka gan shi yana jariri sun rufe.

Sai dai a lura, MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan, umurni kawai yake ɗauka. Cewa yake yi, an danna sauti mai lamba 60, da ƙarfi 90, a hanya ta 3, an kuma sake shi a lokaci kaza. Lambobin sautin daga 0 suke zuwa 127, haka ma na ƙarfin dannawa, hanyoyin kuwa 16 ne. Saboda haka ne fayil ɗin MIDI na waƙa sukutum bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar hannu ba, alhali naɗaɗɗen sauti mai kyau irin na faifan CD yakan ci kusan megabait 10 a minti guda. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamaki ba in ya kwashe kiɗansa daga manhajar rubutu ya kai ta naɗa ya ji shiru, ko ya ji sarewarsa ta koma wani abu dabam. Umurnin ya isa lafiya, makaɗan ne ba a ɗauka ba tukuna. Sai ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya ya ba kowace kayan kiɗan da za ta yi magana da shi. A ƙa'idar da kamfanoni suka yarda da ita a 1991, an jera kayan kiɗa 128 kowane da lambarsa, aka kuma keɓe hanya ta 10 don ganguna. Wanda ya tura sarewa ta hanya ta 10 bugu zai ji, kada ya zargi aljanu.

Hanyar da na fi shawartar mai koyo ya bi ita ce mafi sauƙi, watau ya gama rubutunsa tsaf, ya fitar da shi a fayil ɗin MIDI, ya buɗe a manhajar naɗa. Abu ɗaya zai kula da shi ƙwarai, lokacin da manhajar ta tambaye shi ko ta karɓi saurin kiɗan da ke cikin fayil ɗin, ya ce i. In ya rubuta waƙa a kan bugu 96 a minti, manhajar naɗa kuwa tana tsaye a kan 120 da ta saba buɗewa da shi, to, sai dai ya ji kiɗan na gudu kamar an biyo shi, mawaƙi kuma ya rasa inda zai sa numfashi. Akwai kuma hanyar haɗa su kai tsaye, su biyun suna aiki lokaci guda a kwamfuta ɗaya, ta wata wayar da ba a gani. A Windows ana yin haka da wata 'yar manhaja mai suna loopMIDI, a kwamfutar Apple kuwa abin yana ciki tun daga masana'anta, sunansa IAC. Wannan hanya tana da daɗi ga wanda ya ƙware, amma in ana so su tafi tare dole ɗaya ta zama jagora tana aika wa ɗayar bugun agogo, sau 24 a kowane bugun kiɗa. In kowace ta ce ita ce liman, sahu ba zai daidaita ba.

Da can akwai wata gada ta musamman da aka yi don wannan haɗi, sunanta ReWire, wadda kamfanin Propellerhead na ƙasar Suwidin da Steinberg suka fito da ita a 1998. Mutane da yawa sun gina dukan tsarin aikinsu a kanta, tun ba masu haɗa Sibelius da manhajar naɗa ba. A 2020 masu ita suka ce sun daina. Har yanzu mai koyo zai tarar da tsofaffin darussa a intanet suna ce masa ya kunna ReWire, ya yi ta nema a sabuwar manhajarsa har gari ya waye. Ita gadar kamfani ce, da mai ita ya ga ba riba sai ya kwashe katakonsa. Sibelius ma ta ga irin nata. Waɗansu 'yan'uwa biyu 'yan Ingila, Ben da Jonathan Finn, su suka fito da ita a 1993, kamfanin Avid ya saye ta a 2006, a 2012 kuma ya rufe ofishinta na Landan ya sallami masu gina ta. Steinberg ya kwashe su, su ne suka yi Dorico a 2016. Sibelius dai tana nan ba ta mutu ba, amma masu aiki da ita sun kwana da fargaba a wancan lokaci.

Abin da ya ceci masu Finale shi ne wani buɗaɗɗen tsari da ake kira MusicXML, wanda wani mutum mai suna Michael Good ya ƙirƙiro, tun 2015 kuma yana hannun wani kwamiti na ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojin intanet. Shi wannan yana ɗauke da rubutun kansa, har da kalmomin waƙa da alamomin da MIDI ke zubarwa a hanya. Ita kanta Dorico da aka ce a koma mata ba ta buɗe fayil ɗin Finale kai tsaye a lokacin, sai mutum ya bi ayyukansa ɗaya ɗaya ya juya su zuwa MusicXML tun tsohuwar manhajar na buɗewa. Mai aiki 500 sai ya yi juyi 500, ko ya tara su a juya masa a dunƙule sa'an nan ya zauna duban kurakurai.

Na san abin da waɗansu za su ce. Alhaji Mamman Shata bai karanta layi biyar ba, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ma haka, wa ya kai su? Wannan gaskiya ne, ba kuwa zan ce kowane mawaƙi sai ya iya rubutu ba. Amma Shata yana da makaɗan da suka yi shekaru tare da shi, da ido kawai yake yi musu magana. Saurayin yau shi kaɗai ne a ɗaki da kwamfuta, in kuwa aka ba shi aikin da zai haɗa shi da masu busa na Ikko ko ɗaliban makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan, takarda za su tambaye shi. Bugu da ƙari rubutu yana da wani amfani ga Bahaushe musamman. Harshenmu mai karin sauti ne, kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita hawa da saukar murya ne kaɗai ya raba su. A manhajar rubutu kana sa kowace gaɓa a ƙarƙashin sautinta, ka gani da idonka inda karin waƙa ya hau alhali kalmar sauka take yi, ka gyara tun ba ka biya kuɗin situdiyo ba.

Inda nake goyon bayan masu wannan magana shi ne wajen kayan kiɗanmu na gargajiya. Layi biyar da MIDI duka an yi su ne da kiɗan Turawa a zuciya, inda kowane sauti ke zaune a gurbinsa, 12 a kowane zagaye. Kalangu ba haka yake ba. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana saki, sautin na zamewa daga nan zuwa can yana kwaikwayon magana, kukuma ma haka take lanƙwasa. MIDI yana da abin lanƙwasa sauti, amma wanda ya tsaya zana kowace matsa ta kalangu da hannu zai tsufa a kan waƙa ɗaya, abin kuma ba zai yi zaƙi ba. Mafi muni shi ne maɓallin nan da ke jawo kowane bugu ya zaunar da shi daidai kan layi. Ɗan jinkirin da makaɗi ke yi da gangan, wanda shi ke sa mai rawa ya karkace kafaɗa, shi na'ura ke ɗauka kuskure ne ta goge. Tun da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano wajen ƙarshen shekarun 1990 kunnenmu ya fara sabawa da wannan busasshen bugu. Don haka a rubuta ƙashin bayan waƙa a manhajar rubutu, a kai shi manhajar naɗa, sa'an nan a kira makaɗi na gaske a ajiye masa makirfo, a kuma biya shi.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. MuseScore kyauta ce, tana kuma fitar da MIDI da MusicXML duka. Reaper tana da lasin mai rangwame na dala 60 ga mai ƙaramin aiki. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa yaro ya ɗora sana'arsa a kan manhajar sata da aka zuba masa a kasuwa ba, wadda ba ta karɓar gyara, wani lokaci kuma ta zo da ƙwayar cutar da za ta cinye masa aikin shekara.

Duk waƙar da aka gama, kafin a kashe kwamfuta, a fitar da ita MusicXML, a fitar da ita MIDI, sa'an nan a fitar da kowace murya da kowane kayan kiɗa dabam dabam a fayil ɗin WAV, dukansu su fara daga daƙiƙa ɗaya, yadda ko wane injiniya a ko wane gari zai iya jera su su hau daidai. A rubuta saurin kiɗan a jikin sunan fayil. A ajiye kwafi ɗaya a wani wurin da ba cikin kwamfutar ba, gama mun san halin wutar lantarkinmu, ba ta sallama in za ta tafi, in za ta dawo ma wani lokaci da ƙarfinta take shigowa.