Juji na gona ne, kada a kai shi wuta

Ya ku manoma, ana yawan zancen wata dabara ta samun wutar lantarki daga shara. Ga yadda take: a tara sharar gari a ƙona cikin babban murhu, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da wuta. A Addis Ababa ta ƙasar Habasha an buɗe irin wannan izini a 2018, sunanta Reppie, an gina ta don ta ci ton 1,400 na shara kowace rana. Wanda ya kwana cikin duhu a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta, ba zai rena zancen ba.

Amma ku je ku tona jujin Ƙonni ko na Illela ku gani. Mene ne a ciki? Rairayin sharar tsakar gida, toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon albasa. Rairayi ba ya cin wuta, toka kuwa ta riga ta ci. Abin da ya saura shi ne takin da kuke ɗauka a amalanke tun kafin ruwan fari. In aka ƙona shi, sinadarin azot da gero ke nema ya bi hayaƙi, abin da ke riƙe laima cikin jigawa shi ma ya tafi. Sannan ku koma kasuwa ku sayi takin zamani da tsada, ga buhun kun san kuɗinsa. Mai albasa a Galmi ya fi kowa sanin haka.

Wuta kuwa, tun 2018 akwai tashar hasken rana a Malbaza mai megawat 7. Rana ba ta cin takin kowa. A ƙara irinta.

Abu ɗaya ne cikin juji na yarda a ƙona: leda. Tana kashe tumaki, tana hana ruwa shiga ƙasa, dokar 2014 da ta hana ta kuma ba ta raba mu da ita ba. Amma kada ku ƙona ta a gona, hayaƙinta guba ne. Murhun siminti yana kai zafi wajen digiri 1,450, ƙasashe da dama suna ƙona irin wannan tarkace a cikinsa. Ga izinin siminti nan Malbaza. Ya kamata magadan gari su tuntuɓi masu ita.

Kafin nan, ku tsince leda da tsofaffin batura tun a bakin juji, kafin a loda amalanke.