Hakkin Mai Gadi da Mai Shara

A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, gwamnatin Katsina ma ta amince. Mun gode wa Ubangiji. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan mai gadin coci, mai shara, yarinyar aikin gida da ɗan dakon kasuwar Daura ko Mai'aduwa duk suna waje.

Wasu dattawa sukan ce, "Ai ba shi da takarda." To, da aka cire tallafin man fetur a 2023, mai masara ya rage wa marar takarda kuɗin tiya ne? Wasu kuma su ce baiko ya yi ƙasa. Gaskiya ne, ikkilisiyoyinmu ƙanana ne. Sai dai kuɗin fenti da sabon amsa-kuwwa ba su taɓa gagarar mu ba!

Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta hana zaluntar ɗan ƙodago matalauci, ɗan'uwa ne ko baƙo, ta kuma umarta a biya shi kafin rana ta faɗi. Yakubu 5:4 ya fi zafi. Wasu masu yi mana aiki maƙwabtanmu Musulmi ne, suna kuwa ganin yadda muke biya.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta buɗe littafin ma'aji a zamanta na gaba, ta auna albashin mai gadi da kuɗin buhun masara, ta ƙara masa kafin a taɓa maganar gini.